Faifai Biyu

Ɗakina a Bolari taku shida ne da huɗu.
Bango ya sha kwalin ƙwai har rufi,
ƙofa na toshe da tsohuwar katifa.
Janareta na can bayan shagon Manu mai walda,
na ja masa doguwar waya don kada ya sa mana baki.
Fanka ma, da an ce a fara, dole ta yi shiru,
don makirufo ba shi da kunya,
ko kukan sauro sai ya kwashe.

Ranar Laraba Gidado ya kawo kakarsa daga Kumo.
Ya ce, "Ga tsohuwar matata, Lantana.
Akwai waƙar da take yi tun ina goye,
ina so in ajiye ta kafin..."
Bai ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Na ba ta ruwan ɗumi da citta da zuma.
Ta kurɓa, ta ce shayin majinyata ne.
Na ɗora mata abin ji bisa ɗankwali,
muryarta ta dawo mata ta cikin kunne,
ta zabura: "Wace marar kunya ke kwaikwayona?"

Sau bakwai muka ɗauka.
Ta tsaya ƙiƙam kamar mai jiran hoton katin zaɓe,
hannaye a gefe, ido a kan jar fitila.
Murya ta fito siririya, busasshiya,
kamar wankin da aka manta a igiya.
Gumi ya jiƙa mayafi.
Gidado yana satar kallon agogo,
ya san awa a nan ba kyauta ba ce.

Na kashe komai. Na buɗe ƙofa, na saki fanka.
Na ce, "Goggo, a gida yaushe take zo miki?"
Ta ce, "Yo ni na sani? Ba kiranta nake ba.
In ina tsintar wake, ita ke iske ni."

Na aiki yaro bakin titi:
wake mudu ɗaya, mai datti, kada a zaɓo mai kyau,
da aron faifai wajen Kande mai ƙosai.
Na janye kujera, na shimfiɗa tabarma,
na sauke makirufo ƙasa-ƙasa
har ya zama kamar ya durƙusa gaisuwa.
Jar fitila na kife mata hulata.
Na ce, "Ki huta, bari in gyara wata waya."
Allah ya yafe mini, babu wayar da ta lalace.
Yatsana na kan madanni.

Ta miƙe ƙafafu. Ta zuba.
Ta zagi mai waken, ta ce rabi ƙwari ne.
Tsakuwa ɗaya, ƙas, a ƙasa.
Wata, ƙas.
Sai wani amo ya taso mata ta hanci,
ya yi jim, ya leƙa ko da baƙo,
sannan ya fito gaba ɗaya,
mai kauri, mai ɗumi, da ɗan tsagu a gefe
irin na tukunyar da ta daɗe a murhu.

Gidado ya fita, wai zai amsa kira.
Wayarsa na nan kan teburina.

Da ta gama na faɗa mata gaskiya, na kunna.
Ta saurara, kai a sunkuye, har ƙarshe.
Ta ce, "To, wannan kam na san ta.
Sai ka biya ni kuɗin tsinta."

Da dare na zauna tacewa.
Sana'ata ce korar ƙara:
tari, tsaki, hon ɗin keke, kiran mai ruwa.
Ga waken nan a allo, ƙanana kamar sawun kaza,
yana gudu a ƙarƙashin kowane baiti.
Na zaɓe shi duka. Saura in danna.
Na daɗe a haka,
har janareta ya fara tarin ƙarewar mai.
Na ɗauke hannu.

Faifan Kande na mayar da safe.
Ɗayan na rubuta masa suna da alƙalami, na ba Gidado.
Waken kuwa,
ta ƙulle abinta a bakin mayafi
ta tafi da shi Kumo.